Yayana ne ya yi mini rajistar kwasa-kwasai, yanzu na gano akwai kuskure

Anti, barka da ƙoƙari. Ni sabuwar ɗaliba ce, bana na shiga jami'a, sashen kimiyyar kwamfuta. Sunana bai fito da wuri ba, sai da aka yi mako uku da fara lakca sannan na iso makaranta. Ranar da zan taho Baba ya damƙa ni a hannun ɗan yayarsa, wanda yake ajin ƙarshe a sashen nazarin halittu, ya ce duk abin da Yaya ya ce in yi, in yi. Tsakani da Allah Yaya ya yi mini ɗawainiya. Shi ya bi layi, shi ya nemo mini ɗaki, shi ya karɓi lambar sirrina ya shiga fotal, wato shafin intanet na makaranta, ya yi mini rajistar kwasa-kwasai. Ya cika mini yunit 24 (yunit shi ne ma'aunin nauyin kwas), ya ce gara in kwashe da yawa tun yanzu in huta a gaba.

Shekaranjiya muna zaune da 'yan ajinmu muka gwada takardunmu, sai na ga nasu yunit 18 ne. Akwai kwas ɗin lissafi da kowa yake da shi, ni ma kullum ina shiga ajin, amma babu shi a fom ɗina. Sannan ina da kwas uku da babu wanda yake da su a ajinmu: biyu na sashen su Yaya ne, ɗaya kuma lambarsa da 2 ta fara. Na yi wa Yaya magana, ransa ya ɓaci, ya ce shekararsa huɗu a makarantar nan, kada in taɓa komai. Ƙawata ta ce in bari kawai, lokacin jarrabawa ana gyarawa. Ranar Juma'a za a rufe damar ƙara kwas ko cire shi. Malamin da ke kula da rajistar ajinmu kuma tsoronsa nake ji, a gabana ya daka wa wani ɗalibi tsawa. Ba na son in zama butulu, ba na son Baba ya ji an ce na saɓa wa Yaya. Don Allah ki ba ni shawara.

Ƙanwarki mai neman mafita.

Ƙanwata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne godiya ga Allah da kika zauna kika gwada fom ɗinki da na 'yan ajinku tun ƙofa tana buɗe. Da yawa ba sa gano irin wannan sai ranar da aka kafe sunayen masu shiga ɗakin jarrabawa. Ke kin gano da sauran kwanaki a hannunki. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, amma kada ki kwantar da ƙafarki: wannan fom sai an gyara shi kafin Juma'a, kuma ke ce za ki gyara.

Bari in fara da maganar ƙawarki, don ita ta fi haɗari duk da daɗinta a kunne. Jami'a ba ta san ajin da kike zama ba, abin da ta sani shi ne abin da ke rubuce a rajistarki. Ki halarci kowace lakcar lissafi, ki yi kowane aikin gida, ki shiga jarrabawa ki amsa komai daidai, in dai kwas ɗin ba ya cikin rajistarki, makinki ba shi da inda zai zauna. Haka kuma kwas ukun nan da ba ki taɓa leƙa ajinsu ba, a wurin jami'a kin ɗauke su, kin yi alkawarin zama jarrabawarsu. A yawancin jami'o'i wanda ya yi rajistar kwas bai zauna jarrabawarsa ba, faɗuwa ake rubuta masa, daidai da wanda ya zauna ya kasa. Lokacin jarrabawa lokaci ne da malamai da jami'an sashe suke cikin ƙurar aiki, jerin sunaye sun riga sun fita, kuma wanda zai tausaya miki ma hannunsa a ɗaure yake. Ana samun wanda aka gyara wa a irin wannan lokaci, ba na musu, amma da roƙo da zarya da takardu ake yi, kuma ba kowa ke dacewa ba.

Na san wannan ne da jikina. A shekarata ta farko na yi zango guda cur ina shiga wani aji, a layin gaba nake zama, har malamin ya san fuskata. Ranar jarrabawa mai sa ido ya bi takardar sunaye da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake hawa sama, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malama, ba na ganin lambarki." Ashe wajen cike fom na tsallake layi ɗaya na zaɓi kwas ɗin da ke ƙarƙashinsa, lambobinsu kusan iri ɗaya. Sai da na maimaita kwas ɗin a shekara ta gaba tare da ƙannen bayana. Har yau in na tuna yatsan nan yana sauka a kan takarda sai in ji gabana ya faɗi.

Ki ɗauko biro mu yi lissafi, don ki ga girman abin da idonki. Ana fitar da matsakaicin makin ɗalibi, wanda kuke ji ana kira GPA, ta hanyar ninka darajar sakamakon kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da aka yi wa rajista. A tsarin da ake auna maki da 5, A tana da 5, B tana da 4, faɗuwa kuma sifili. A ce kin bar fom ɗin yadda yake. Kwasa-kwasan da suka dace da ke a ciki yunit 15 ne, a ce kin ci B a dukansu, kin tara 60. Sauran yunit 9 sifili ne. A raba 60 da 24, kin tashi da 2.5. Da a ce rajistarki daidai take, yunit 18 kuma B a kowanne, da 4.0 za ki tashi. Ƙwaƙwalwa ɗaya, ƙoƙari ɗaya, amma takarda ta cinye miki maki ɗaya da rabi. Kuma abin ba ya tsayawa a zango ɗaya, domin makin tarawa ake yi har ki gama. Ko da a zango na biyu kin ci A a duk yunit 18, jimillarki za ta zama 150 a raba da 42, wato kusan 3.57. Ga shi kuma lissafin da kika sha wahalarsa bai shiga ba, yana nan yana jiranki baɗi.

Wannan kwas na lissafi shi ya fi damuna. A fannin kwamfuta lissafin shekarar farko tsani ne, a kansa ake ɗora wasu kwasa-kwasan na gaba, kuma sau da yawa ba a barin ɗalibi ya ɗauki na sama sai ya ci na ƙasa. In ya kuɓuce miki bana, baɗi za ki ɗauke shi a kan kayan aji biyu, wataƙila lokacinsa ya ci karo da wata lakca, wataƙila kuma ya hana ki ɗaukar kwas ɗin da ya dogara da shi, shi ma ya tura wani gaba. Haka ake yi mutum ya wayi gari abokansa sun gama shi yana ƙarin shekara saboda abin da ya faru a makonsa na farko. Shi kuwa kwas ɗin da lambarsa ta fara da 2, a tsarin jami'o'i da yawa lambar farko aji take nunawa, wato na 'yan shekara ta biyu ne. Ba a kai ki can ba tukuna.

Sai batun "kwashe da yawa a huta a gaba". Maganar ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. Akwai jami'o'in da ɗalibi mai ƙarfi, bayan an ga sakamakonsa, yake iya ƙara kaya da izinin sashe. Sai dai kwas yana rage miki aikin gaba ne kawai idan yana cikin manhajar digirinki. Kwas ɗin wani sashe da manhajarku ba ta nema ba, ko kin ci A a cikinsa, ba zai ɗauke miki ko ɗaya daga cikin na dolenki ba. Kuma yunit ba lamba ce kawai a takarda ba, lokaci ne. Ma'aunin da aka saba da shi shi ne yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta lakca a mako, na tsawon mako 15 ko kusa da haka, tare da kimanin awa biyu na karatun kai. Da wannan ma'auni yunit 18 aikin awa 54 ne a mako, yunit 24 kuma awa 72.  Ke da kika iso a makare da mako uku, kina bin bashin karatu tun kafin ki zauna, ba ke ce za a ɗora wa kaya har wuya ba.

Yanzu mu zo kan Yaya, don na lura nan ne zuciyarki ta fi nauyi. Ban ga mugunta a abin da ya yi ba. Mutumin da ya bar karatunsa na ajin ƙarshe ya bi miki layi, ya nemo miki ɗaki, ba shi ne zai zauna ya ƙulla miki sharri ba. Abin da nake zato shi ne ya cike fom ɗin da abin da ya tuna na shekararsa ta farko. To sashensa daban, naki daban, ko da tsangayarku ɗaya, kuma a cikin shekara huɗu ana sauya manhaja, ana sauya lambobin kwas, ana mayar da na zaɓi ya zama na dole. Shekara huɗun da yake tinƙaho da su gaskiya ne, sun sanar da shi hanyoyin makaranta, amma ba su sanar da shi manhajar sashenku ba. Fushin da ya yi kuma, ki fahimce shi: kawunsa ne ya ba shi amana, yanzu ƙaramar ƙanwa ta zo tana nuna masa ya yi tuntuɓe. Kunya ce ta fito da rigar faɗa. Ki tausaya masa, ki girmama shi, amma kada ki sayi kwanciyar hankalinsa da sakamakonki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga yadda nake ganin za ki bi. Gobe da sassafe, ba ranar Juma'a ba, ki fara samun jerin kwasa-kwasan ajinku na wannan zango daga sashe, ko a littafin jagorar ɗalibai, ko a allon sanarwa, ko a wurin sakataren sashe. Fom ɗin 'yan ajinku ya taimaka wajen tona matsalar, amma su ma sababbi ne kamar ke, kada ki mayar da shi hujja. Ki ɗora jerin sashe kusa da fom ɗinki, ki bi layi-layi, kina duba lamba da suna da yawan yunit, ki ja layi a ƙarƙashin wanda ya ɓace, ki sa alama a kan waɗanda suka yi kutse. Da takardun nan biyu a hannu za ki je wurin malamin da ke kula da rajistar ajinku.

Na ji kin ce kina tsoronsa. Ba ki san abin da ya haɗa shi da wancan ɗalibin ba, kuma ko da mai zafin rai ne, wannan aikinsa ne, don shi aka ajiye shi. Abin da ya fi ƙona ran irin waɗannan malamai shi ne ɗalibin da zai zo bayan an rufe komai, hannu rabbana, yana kuka. Wadda ta zo da wuri da takardunta a shirye sauƙi ta kawo masa. Ki yi sallama, ki gaishe shi, ki faɗi sunanki da lambarki, sannan ki tafi kai tsaye: "Malam, na iso a makare, wani ɗan'uwana ya taya ni rajista, na gwada da jerin sashe na ga babu lissafi, ga kuma kwas uku da ba namu ba. Ina so ka duba mini kafin in gyara." Ba sai kin ambaci sunan Yaya ba, ba sai kin ba da dogon labari ba. In ya yi faɗa a kan me ya sa kika ba wani lambar sirrinki, ki ce kin yi kuskure, ki yi shiru, faɗan minti biyu ne. In ƙafarki ta ƙi shiga ofishin ke kaɗai, ki tafi da wakilin ajinku ko wata 'yar ajinku mai natsuwa. In kuma ba ki same shi ba, kada ki koma ɗaki ki ce sai gobe. Ki tambayi sakatare yaushe yake zama, ki nemi jami'in jarrabawa na sashe, shi ma ya san manhajar ciki da waje.

Tun kina gabansa ki yi masa tambaya biyu. Ta farko, mene ne mafi ƙarancin yunit da mafi yawa da aka yarda ɗan ajinku ya ɗauka, don kada wajen cirewa ki faɗa ƙasa da ƙa'ida. Ta biyu, yaya matsayin makonni ukun da kika rasa. Jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a shiga jarrabawa. Mako uku cikin 15 kashi 20 ne, kin ga abin da ya rage miki na fashi kaɗan ne ƙwarai. In an riga an yi wani gwaji ko an karɓi aikin gida a lissafi, ki je wurin malamin kwas ɗin bayan kin gyara, ki tabbatar sunanki ya shiga takardarsa da makin da kika samu.

Idan kin zo kan fotal, abu na farko ki sauya lambar sirrinki. Wannan ba rashin yarda da Yaya ba ne, ko ni ce na yi miki rajistar haka zan ce ki yi, domin a nan sakamakonki zai riƙa fitowa, kuma duk abin da aka taɓa a ciki da sunanki aka taɓa. Sannan ki lura, in 24 ce iyakar da aka yarda, fotal ba zai karɓi lissafi ba sai kin fara cire waɗancan. Ki cire ukun, ki ƙara ɗayan, ki adana, ki fita gaba ɗaya, ki sake shiga ki gani ko gyaran ya zauna. Ki buga sabon fom, ki kai a sa hannu a duk inda ake sa wa, ki yi kwafi biyu ko uku, ki ɗauki hotonsa a waya. Dalilin da ya sa nake ta cewa kada ki kai Juma'a shi ne ranar ƙarshe kowa ke rububin shiga, fotal ya yi nauyi ko ya tsaya cak, malamin da za ki nema kuma ya shiga taro. In fotal ya ƙi ki tun kafin ranar, ki ɗauki hoton abin da ya nuna miki, ki kai ofishin da ke kula da shi, ki kuma rubuta gajeriyar takarda zuwa ga shugaban sashe mai ɗauke da kwanan wata, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Wannan takarda ita ce shaidarki cewa kin nemi gyara a kan lokaci.

In kuma duk da haka Juma'a ta wuce ba a gama ba, ba a rufe ƙofa duka ba. Makarantu da yawa suna da rajistar makara, galibi da tara, wasu kuma suna karɓar takardar roƙo ta hannun shugaban sashe. Hanya ce mai tsawo da tsada, shi ya sa nake so ki ajiye ta a matsayin ta ƙarshe.

Yaya kuma, ki same shi bayan kin ga malamin, ba kafin ba. Ta haka abin da za ki faɗa masa gaskiya ne, kuma ba ra'ayinki ne ke karo da nasa ba. Ki ce, "Yaya, na je sa hannu wurin malamin ajinmu, ya ce manhajar sashenmu daban take, ya sa na cire kaza na ƙara lissafi. Na ce bari in sanar da kai." Ki gode masa a kan ɗakin da layin da ya bi, ki ambace su da suna don ya san ba ki manta ba. Kada ki ce "ai na faɗa maka". Sannan ki ba shi wata ƙofar da zai ci gaba da zama yaya: ki tambaye shi yadda ake karatun jarrabawa a makarantar, inda ake samun tsofaffin tambayoyi, wane lokaci ɗakin karatu ya fi shiru. A nan shekara huɗunsa za su yi miki amfani na gaske. In ya ɗan yi fushi na kwana biyu, ki ƙyale shi, ki ci gaba da gaishe shi kamar kullum, zai sauko. Ina ma zaton in ya ga hannun malamin a kan fom ɗin, a ransa zai ji daɗi an gano kafin abin ya zama laifinsa a gaban kawunsa.

Baba kuwa, da ya ce ki bi maganar Yaya, nufinsa kada ki ɓata a wurin da ba ki sani ba. Bai tura ki jami'a don ki faɗi kwas uku saboda kara ba. Ki kira shi da kanki kafin labarin ya je masa ta wata hanya, kuma ki tsara maganar yadda ba za ta zubar da mutuncin ɗan yayarsa ba: Yaya ya yi miki ƙoƙari sosai, an samu bambanci tsakanin manhajar sashensa da taku, malaminku ya gyara. In kin fi sakewa da Mama, ki fara da ita. Ki tura musu hoton sabon fom ɗin da sa hannun malamin a jiki.

Zango mai zuwa kuma, ranar da aka buɗe rajista, ki zauna da jerin sashe a gefenki ki cike da hannunki, ki duba jadawali ko akwai lakca biyu da suka faɗa awa ɗaya kafin ki zaɓi kwas na zaɓi. In kin gama da malamin gobe, ki rubuto mini in ji yadda kuka yi.